Jinjina ga Masu Gyaran Injin Buga Allon Talla

Kowa na yaba ƙaton allon talla mai launi tar, amma wa ke tuna mai gyaran injin da ya buga shi? Shi ke durƙusawa gaban injin Roland ko Mimaki da sirinji, yana zuƙo busasshiyar tawadar da ta toshe kan bugawa, mai ramukan da ba su kai kaurin silin gashi ba. In farin layi ya ratsa hoto, kallo ɗaya zai gane launin da ya ƙi fita. Da hunturu ƙura kan ninka masa aiki. Ba ya garaje, don kan nan da tsada, in ya ƙone ribar watanni ta tafi. Lokacin zaɓe kuwa, a shagon mutane yake kwana.