Jinjina ga Masu Rakiyar Baƙin Ilimi a Zangunan Accra

Duk littafin da masani daga Turai ko Amurka ya rubuta kan zangunan Accra, akwai 'yan unguwa a bayansa waɗanda da wuya sunansu ya wuce shafin godiya. Su ne masu masauki da tafintoci da 'yan rakiya, masu ratsa lungunan Nima da Maamobi da baƙo, su kai shi gaban sarkin zango ko liman, su koya masa tuɓe takalmi da doguwar gaisuwa kafin ya buɗe baki da tambaya.

Aikin nan sai mai haƙuri. Dattijo ba ya zaro takardun kakansa daga gafaka don an nuna masa wasiƙar jami'a, sai wanda ya amince da shi ya tsaya wa baƙon. Haka aka yi a shekarun 1960, sa'ad da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon ta tara rubuce-rubucen Larabci da ajami. Masanin tarihi Ivor Wilks ya yi suna a wannan aiki, kuma ya cancanta, amma Alhaji Osmanu Boyo ne ya riƙa bin zaurukan malamai yana aron takardu, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, suna cikin abin da aka adana.

Ita ma Deborah Pellow, mai littafi kan Sabon Zongo a 2002, sai da iyalan unguwar suka buɗe mata ƙofofin gidajensu ta ga yadda ake zama a ciki.