Motar da Ke Kwana Tana Shan Wuta

A watan Afrilun 2021 aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ce ta gina ta, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin kwalliyar gwamnati kawai. Sai ga ranar 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin fetur, lissafin kowa ya canja. A Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya yi suna wajen sauke injin ƙananan motocin bas yana sa musu batir, motar haya mai caji ta daina tara 'yan kallo. Duk hoton bikin buɗe irin waɗannan wurare da na gani, mota ake nunawa da babban baƙo. Mutumin da ya ja wayar ba ya fitowa a hoto, ni kuwa shi ya fi burge ni.

Abin da gwanin mai wayarin ya gane, wanda ɗan koyo bai gane ba, shi ne mota ba ta hutawa. Dutsen guga yana yin zafi ya yanke da kansa. Famfon rijiya ya cika tanki a kashe shi. Cajar bango ta gida kuwa tana jan amfiya 32 a kan wutarmu mai bolt 230, wato wajen kilowat 7, kamar ka jona dutsen guga bakwai a lokaci guda. Motar Hyundai Kona da aka haɗa a Legas batirinta kilowat-awa 64 ne, sai ta shafe fiye da awa tara tana zuƙa kafin ta cika, ba ta ɗaga kai ko sau ɗaya. Kuma zafin waya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta: in wutar ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Ɗan sakacin da soket mai amfiya 13 zai jure na minti goma ana dafa ruwan shayi, in aka bar shi daga sallar isha zuwa asuba, robar sai ta narke. A wannan lokacin kuwa duk gidan barci ake yi.

Shi ya sa ranar farko gwanin ba ya zuwa da abin huda bango. Yakan zo da na'urar awo da ɗan littafi.

"Ranka ya daɗe, kafin mu taɓa bango, bari in ga mita."

"Haba Malam, ba soket ba ne kawai za ka sa mini?"

Ba ya musu. Zai ɗaga kai ya dubi kaurin wayar da ta sauko daga fal, ya buɗe akwatin bireka, ya ƙirga na'urorin sanyaya ɗaki da hita da firiza, ya tambaya ko fes ɗaya gidan yake ko uku. Wani ma sai ya dawo bayan magariba, lokacin da unguwa ta kunna komai taransfoma ta fara nishi, ya auna ya ga ƙarfin da ya rage wa wutar. Daga nan yake iya faɗin maganar da ba kowane mai sana'a ke iya faɗa wa mai kuɗi ba: gidan nan ba zai ɗauka ba. Ko dai a rage cajar zuwa amfiya 16 motar ta yi haƙuri ta daɗe, ko a je kamfanin rarraba wuta a nemi ƙarin layi. Zai kuma duba canjoba, ya tabbatar cajar ba ta faɗa ɓangaren janareto ba, don ƙaramin injin da aka saya saboda fanka da firji ba sa'an mota ba ne.

Waya kuwa tata ce ita kaɗai, daga akwatin bireka har bango, babu haɗi a hanya, babu naɗin salatif. Mai kaurin milimita 6 ita ce aka saba sa wa amfiya 32, amma a nan ne ake gane wanda ya haddace da wanda ya fahimta. Jadawalin da ke littattafan sana'ar an tsara shi ne bisa zafin iska digiri 30. In zafi ya kai digiri 45, waya mai rigar roba tana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za ta iya ɗauka. Duk wanda ya taɓa leƙa saman silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Nguru ya san 45 wasa ne a can. To sai gwanin ya hau zuwa milimita 10, ko ya sauya wa wayar hanya ta bi inuwa. A kasuwa ma ba ya yarda da rubutun jikin kwali. Yakan fere bakin wayar ya kankare da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya leƙo, alminiyam ne aka yi wa wanka da ruwan jan ƙarfe, ya ajiye musu kayansu. Wurin ɗaure noti kuma ba ya cewa hannuna ya saba. Akwai sukundireba mai awon ƙarfin ɗauri, da ta kai adadin da kamfani ya rubuta sai ta yi ƙas. Noti mai sako-sako shi ne murhun da ba a gani.

Amma inda na fi sara masa shi ne atin, wato haɗa kayan wuta da ƙasa. Ka dubi mota da kyau: tulin ƙarfe ce a tsaye kan tayoyin roba. In wuta ta zurare ta shiga jikinta, ba ta da hanyar sauka ƙasa, sai ta zauna tana jiran wanda zai ba ta hanya. Wanda zai ba ta kuwa shi ne yaron da ke wanke motar ba takalmi, ko maigidan da ya idar da alwala ya dafa ƙofa da jiƙaƙƙen hannu. Aikin atin shi ne ya riga su.

Al'adarmu a nan sananniya ce: a haƙa rami, a kafa sandar ƙarfe, a zuba gawayi da gishiri, a kwarara ruwa, a binne, a ce an gama. Ranar da aka yi shi yana aiki kuwa. Sai dai damina tana wanke gishirin, wanda ya saura kuma yana cin sandar, sannan hunturu ya zo ya busar da ƙasa har rairayi ya zama kamar toka. Atin ɗin da ya yi kyau a watan Agusta yana iya zama sanda kawai a cikin rami a watan Maris. Gwanin ba ya rantsuwa da gishiri. Yana da na'urar da ake kafa wa ƙananan turaku biyu nesa da sandar, ta faɗa masa a lamba yadda ƙasar ke karɓar wuta. In lambar ta yi sama, ya ƙara zurfi har ya taɓo danshi, ko ya kafa sanda ta biyu da ta uku, ya ba su tazara, ya haɗe su.

Akwai wata dabarar banza da ya tsana, kuma da ita nake gane maƙetacin aiki. Caja da yawa ba sa tashi in ba su ji atin ba. Sai mai gaggawa ya ɗauki guntun waya ya haɗa bakin atin da nutural a bayan cajar. Fitila ta yi kore, mota ta fara sha, maigida ya biya har da tukuici. Ranar da nutural ya tsinke a kan fal, abin da ba baƙo ba ne a layukanmu, jikin motar gaba ɗaya ya zama waya mai wuta.

Mutane suna ganin bireka su saki jiki, alhali bireka waya take tsaro, ba mutum ba. Mai amfiya 40 ba za ta motsa ba sai wuta ta haura 40, zuciyar ɗan Adam kuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya rikita bugunta. Mai tsaron mutum wata na'ura ce daban da ake kira RCD. Ita mai awo ce: tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga giɓin miliamfiya 30, ta san wani abu na zurarewa ta inda bai kamata ba, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. To amma mota ta zo da nata salon. Cikinta ana juya wutar layi zuwa irin ta batir, kuma in irin wannan wutar ta zuraro baya ta haura miliamfiya 6, tana iya makantar da RCD ta gama-gari, ta zauna lafiya lau a ido alhali ta daina gani. Don haka gwanin yake neman nau'in B, ko nau'in A in ya tabbatar cajar da kanta tana da mai gano wannan zurarar. Bambancin ɗan zane ne a goshin na'urar da bai kai ƙwayar gero biyu ba, kuɗinsu kuwa ba ɗaya ba. Maigida ba zai taɓa sanin wadda aka sa masa ba. Wannan tsakanin mai wayarin ne da Allah.

Ita kanta cajar tana da ladabin da nake so. Bakinta ba wuta sai sun gaisa da mota. Akwai siririyar waya mai bolt 12 a ciki. In aka soka, ta sauka zuwa 9, wato baƙo ya iso. In motar ta shirya, ta sauka zuwa 6, sannan ne kawai ake sakin babbar wuta. Shi ya sa ake iya riƙe bakin caja ana yayyafi. Wannan gaisuwar ma da atin ake auna ta, ka ga an sake komowa ramin nan.

Kansa ma ba ya wasa da shi. "An ɗauke wuta" ba kashewa ba ce a wurinsa, don masu ɗaukewa ba sa sallama in za su dawo da ita, ga inbata, ga sola a kan rufi, ga janareton maƙwabci da ke iya turo wuta ta baya. Yakan kashe, ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Ya gwada abin awonsa a inda ya san akwai wuta, ya auna layin da zai taɓa, ya koma ya sake gwada abin awon. Ɗan tastan nan mai ƙyalli a gindi, aljihun gaba kawai yake yi wa ado.

Sauran aiki saurin faɗa gare shi: a ɗaga cajar sama da inda ruwan damina ke kwanciya, a yi mata rumfa, a zaɓi akwatin da ƙurar hunturu ba ta shiga, a kafa turken ƙarfe don direba mai baya da baya, a sa mai kare kaya daga tsawa. Manyan tashoshi masu saurin caji, masu bolt 400 zuwa 800 da taransfomarsu, aikin injiniyoyi ne, kuma hukumar NEMSA ce ke da alhakin duba irinsu da ba masu wayarin takardar shaida.

Ko an gama ba ya barin a soka motar maigida tukuna. Yana da ɗan akwatin da ke kwaikwayon mota, ya jona, ya ƙirƙiri zurara da gangan, ya karanta tsawon lokacin da RCD ta ɗauka kafin ta faɗi. Sai sannan a kawo mota. Ya ja benci ya zauna awa guda, a kawo masa ruwa ya sha, ya tashi ya bi mahaɗan da abin auna zafi ɗaya bayan ɗaya. Lambar da atin ya ba shi ya rubuta ta da kwanan wata a takarda, ya manna a murfin akwatin bireka.

"To Malam, an gama ke nan?"

"Na yau dai an gama, ranka ya daɗe. In Allah ya kai mu Maris ƙasa ta bushe, a kira ni in zo in sake auna ramin nan."