Bin Sawun Matsala a Manhajar Intanet

Manhajar da ke amsa buƙatu ta intanet ba a wuri ɗaya take aiki ba. Buƙata kan tashi daga burauza ko waya, ta isa sabar, sabar ta leƙa rumbun bayanai, sannan amsa ta dawo. Idan abu ya ƙi aiki ana cikin gini, aikin farko shi ne gano gaɓar da aka samu tangarɗa.

Gogaggen mai rubuta manhaja ba ya taɓa ko layi ɗaya sai ya iya sa matsalar ta sake aukuwa da gangan. A nan curl ke da amfani, manhajar da Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin ya fitar a 1998. Da ita ake tura buƙata kai tsaye, a ga amsar sabar tsirara. Lambar da ta dawo ita ce shaida ta farko. Lambobin 400 zuwa 499 suna ɗora laifi kan buƙatar: 404 ba a sami abin da ake nema ba, 401 ba a tantance mai nema ba, 403 kuwa an hana shi shiga. Na 500 zuwa sama na sabar ne. Ita 500 ɗin ba ta faɗin komai sai cewa wani abu ya karye a ciki, dole a buɗe kundin da sabar ke rubuta ayyukanta, a nemo layin da ta tsaya. Idan buƙata ta wuce lafiya ta curl amma burauza ta ƙi, galibi dokar CORS ce, wadda burauza kaɗai ke tilastawa.

Akwai matsalar da mai aiki da rubutun Hausa ya fi kowa sani. A tsarin UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne. Idan wata gaɓa ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai "ƙasa" ta fito "Æ™asa". Sabar kuma ta mayar da 200, wato komai lafiya lau, ba ƙorafi ko ɗaya a kundi. Sai an bi kalmar gaɓa-gaɓa, daga fom zuwa rumbu, a ga inda ta fara lalacewa. Tsofaffin rumbunan MySQL sukan zama abin zargi, domin kafin fitowar 8.0 a 2018, latin1 suke ɗauka in ba a zaɓa musu wani tsari ba.

Babban aibin masu koyo shi ne garaje: a sauya abu biyar lokaci guda, matsala ta lafa, ba wanda ya san wanne ya yi magani. Ƙa'idar sana'ar ita ce sauyi ɗaya, gwaji ɗaya. Idan kuma jiya yana aiki yau ya ƙi, umarnin git bisect kan raba tarihin sauye-sauye gida biyu, ya yi ta rabawa. Cikin sauyi 1,000, gwaji kamar 10 ya isa a kama wanda ya kawo ɓarnar.