Jirgin Yaƙi a Tudu da Igwogin Tanimu

Mutumin Hamdara, can a gundumar Mirya, babban ruwan da ya saba gani shi ne tafkin damina, wanda kafin bazara ta yi nisa ya koma wurin bugun tubali. In ka gaya masa akwai ƙasashen da ke zuba dukiya kan tsohon jirgin ruwan yaƙi da ya daina aiki, zai tambaye ka me ya hana a sayar wa maƙera. Kuma yana da gaskiya, don yawancin jiragen yaƙi haka suke ƙarewa: a yanyanka su, a narkar. Ƴan ƙalilan ne ake mayarwa gidan tarihi.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Victory na Ingila, mai igwa 104, wanda aka sa a ruwa a 1765. A kansa aka harbi Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, a yaƙin Tarafalga na 1805, kuma har yau akwai ɗan faranti na tagulla a daidai inda ya faɗi. Tun 1922 jirgin yake zaune a busasshen rami a Potsmos. Sai ka ɗauka ya huta ke nan, amma ina! An ƙera jirgi ne don ruwa ya tallafe shi ta kowane gefe. Da aka raba shi da ruwa, nauyinsa ya riƙa danne shi, haƙarƙarinsa na buɗewa sannu a hankali, har sai da aka kafa masa tokarai na ƙarfe sama da ɗari. Ga kuma wani ƙwaro da ke cin katakonsa ta ciki kamar gara. Jiragen ƙarfe da aka bari cikin ruwa, irin Belfast da ke kogin Landan tun 1971, tsatsa ce abokiyar gabarsu. A kankare, a shafa fenti, a zuƙe ruwan da ya tsattsafo, gobe a sake.

Ba sai an tsallaka teku ba ma. A Umahiya ta Najeriya, gidan tarihin yaƙi da aka kafa a 1985 yana da jirgin sojan ruwa mai suna Bonny, zaune a tudu nesa da teku, kusa da makaman da ƴan Biyafara suka ƙera da hannunsu a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kayan waɗanda suka yi nasara da na waɗanda aka ci, duk a fili ɗaya.

To mu fa? Damagaram ba ta taɓa mallakar jirgi ba, amma ta mallaki abin da ya fi jirgi ban mamaki a bakin Sahara. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya sa maƙeransa zubin igwa a cikin birnin Zindar, ana kuma haɗa albarushi a nan gida. An ruwaito yana da igwa 40 da bindigogi 6,000. Shi ya zagaye Birni da ganuwa mai kauri. Shekara goma sha biyar bayansa, a 1899, Faransawa suka ci Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini suka shiga Zindar.

Muna da tamu dabarar ajiya, kuma ba ta raini ba ce: abin da ake mora shi ke rayuwa. Fadar Sarki tana tsaye saboda ana zaune cikinta, ana yi mata yaɓe. Sulke da lifidi da kwalkwali suna fitowa ranar hawan salla. A kakkaɓe lifidi, a ɗinke inda ɓera ya ci, a ɗora wa doki. Yaro ya ga kayan yaƙin kakanninsa suna tafiya a kan hanya, da ƙura da kiɗa da warin albarushi. A ganina wannan ya fi kallon takobi ta bayan gilashi.

Sai dai dabarar tana da gurbi. Abin da ba ya hawa doki, ba a kuma kwana cikinsa, ba shi da mai shi. Shi ya sa ganuwar Tanimu ta koma guntaye nan da can, damina na ci, masu gini na ɗiba. Sanin zubin igwa kuwa ya bi maƙeransa kabari. A nan ne masu jiragen suka sha gabanmu. Sun yarda cewa abin da amfaninsa ya ƙare yana bukatar mai kula da kasafin kuɗi na kowace shekara, kuma sun rubuta sunan wanda zai biya.

Fada da hukumar birnin Zindar su zauna, su auna ragowar ganuwar, su kewaye ta, su ba magina aikin yaɓenta duk kaka kafin wata damina ta rage ta.