Laƙabi da Rigar Aro a Tsakanin Makaɗa

Masu nazarin waƙoƙin baka sukan haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su, wato laƙabin makaɗi da kuma rigar aron da yakan sanya idan ya shiga fage. A tawa fahimtar, wannan haɗawa ita ke sa a yanke wa makaɗi hukunci a kan maganar da ba tasa ba.

Shi laƙabi suna ne kawai. Alal misali, Alhaji Adamu Wayya, wanda ya rasu a 2015, duniya ta san shi da Ɗanmaraya Jos, kuma maraicin nasa na gaskiya ne, domin ya rasa iyayensa tun yana ƙarami. Sunan bai mayar da shi wani mutum dabam ba.

Ita kuwa rigar aro, ita ce makaɗi ya ƙirƙiri wani mutum da babu shi, ya ba shi suna da shiga da hali, sannan ya yi magana da bakinsa. A Ingila, David Bowie ya fito a 1972 da sunan Ziggy Stardust, wai shi manzon halittun sararin samaniya ne, sannan ya tuɓe rigar a gaban jama'a a Landan a 1973. A nan gida, tun shekarun 1990 Bisade Ologunde na Legas ya rufe fuskarsa, ya kira kansa Lagbaja, kalmar Yarbanci mai ma'anar "wane". Manufarsa ita ce ya tsaya a madadin talaka wanda ba a san fuskarsa ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ɗan kama yakan naɗa ƙaton rawani, ya kwaikwayi karatun malamai ko waƙar wani shahararren makaɗi, amma ya karkatar da komai zuwa zancen tuwo da fura. Kowa a dandali ya san ba malami ba ne, saboda haka ake dariya maimakon fushi. A cikin dariyar nan yakan taɓa kwaɗayin manya, abin da ba zai iya faɗa da sunansa na yanka ba. Shi kansa Ɗanmaraya, a waƙoƙinsa na zaman aure, yakan ari bakin miji da na mata da na magulmaci. Wanda ya ɗauki zancen magulmacin a matsayin ra'ayin Ɗanmaraya, to ya juya waƙar a baibai.

Sai dai fa rigar aro ba ta ɗauke alhaki. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a tambaya: me rigar ta ba makaɗin damar faɗa? Idan gaskiya ce mai ɗaci wadda kunya ko tsoron masu iko ke hana furtawa, to ta yi amfani. Idan kuwa mafaka ce ta zambo da batsa da cin mutuncin bayin Allah, to laifin na kan wanda ke cikin rigar.

Don haka ina kira ga malaman makaranta, kafin su tambayi ɗalibai jigon waƙa, su fara tambayarsu wa ke magana a cikinta. Masu tattara tarihin makaɗa kuma su riƙa rubuta sunan yanka da laƙabi da sunan wasa, kowanne a gurbinsa, tun dattawan da suka san bambancin suna raye.