Bargon Faci: Daga Kan Gado Zuwa Bangon Gidan Fasaha

A shekarar 1942, a ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama ta Amurka, wata mata mai suna Missouri Pettway ta tattara tsofaffin wanduna da rigunan gona na mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa. Ta farke su, ta yayyanka, ta harhaɗa, ta ɗinka bargo. 'Yarta Arlonzia, wadda ta taya ta aikin, ta ce mahaifiyar tata ta yi shi ne don ta riƙa lulluɓa da shi tana tuna mijinta. Irin wannan bargo ne yau ake ratayewa a bangon manyan gidajen adana kayan fasaha, a hana kowa taɓa shi.

Yadda ake yin sa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, sai shafi a baya, sannan a bi da allura da zare a kama su wuri ɗaya. Abin da ya bambanta na matan Gee's Bend shi ne ido. Yawancin masu wannan ɗinki suna bin tsari ƙayyadadde, kowace kusurwa daidai da 'yar'uwarta. Su kuwa sai su fara da tsarin da kowa ya sani, kamar wanda suke kira rufin gida, murabba'i cikin murabba'i, sai a tsakiyar aiki su karya shi da gangan: layi ya karkace, jan ƙyalle ɗaya tal ya faɗo cikin shuɗi. Duba bargon da aka yi da wandunan jins na aikin gona. Gwiwa ta koɗe ta yi fari, wurin da aka cire aljihu kuma yana nan da shuɗinsa mai duhu, domin rana ba ta taɓa ganinsa ba. Mai ɗinkin ba ta da fenti, sai ta mai da koɗewar da duhun su zama launukanta.

Ƙauyen yana cikin gwiwar Kogin Alabama, ruwa ya kewaye shi ta ɓangare uku. Joseph Gee ya kafa gandun auduga a wurin a 1816, daga baya gandun ya koma hannun Mark Pettway, shi ya sa jikokin bayin da suka yi masa bauta da yawa ke amsa sunan Pettway har yau. A 1962, da mutanen suka fara tsallaka kogi don yin rajistar zaɓe, hukuma ta dakatar da jirgin fito, bai dawo ba sai 2006. Talauci da kaɗaici da sanyin hunturu a gidajen katako su ne makarantar wannan ɗinki, uwa ta koya wa 'ya, kaka ta gyara wa jika.

Duniya ta waiwayo su a 2002, lokacin da aka baje kolin bargunansu a birnin Houston, sannan a gidan fasaha na Whitney da ke New York. Mai sharhin jaridar New York Times, Michael Kimmelman, ya sa su cikin mafi ban mamakin ayyukan fasahar zamani da Amurka ta samar, ya kuma kawo sunan Matisse da Klee, manyan masu zanen Turai. A 2006 hotunan barguna goma suka hau kan sarkin gidan waya na Amurka.

Yabon ya dace, amma ma'aunin ne ban yarda da shi ba. Idan sai bargo ya yi kama da zanen wani Bature kafin a kira shi fasaha, to zanen aka yaba, ba bargon ba. Matan nan ba Matisse suke kallo ba. Suna kallon katakon rufin ɗakinsu, da kunyoyin gona, da takardun jarida da aka manna a bango don tare iska, da aikin maƙwabciya da aka shanya a kan shinge. Fenti ba ya da tarihi kafin ya hau allo. Ƙyalle kuwa ya riga ya rayu: wani ya saka shi, ya yi gumi a ciki, an wanke shi har ya yi laushi. Wanda ya tsaya nesa yana kallon tsarin launi kawai, rabin aikin ya gani.

Da wannan nake auna masu fasahar bargo na yau, waɗanda tun farko don bango suke ɗinkawa. Tun bayan da gidan Whitney ya rataya tsofaffin barguna kamar zane a 1971, aka kuma fara baje kolin Quilt National a jihar Ohio a 1979, fagen ya cika. Akwai masu buga hoto a kan yadi da kwamfuta su bi shi da keken ɗinki. Ƙwarewar tana nan, amma sau da yawa da a takarda aka yi aikin, babu abin da zai ragu. Na ƙwarai su ne waɗanda yadin kansa ke magana a aikinsu. Faith Ringgold ta ɗinka bargonta na farko a 1980 tare da mahaifiyarta Willi Posey, wadda ɗinkin tufafi ne sana'arta, daga baya ta riƙa rubuta labari a gefen bargo, domin masu buga littattafai sun ƙi karɓar tarihin rayuwarta. Bisa Butler, wadda mahaifinta ɗan Gana ne, tana ɗaukar tsofaffin hotunan baƙar fatar Amurka ta sake gina su da atamfa da leshi da siliki, har fatar fuska da ƙyallaye masu launi take haɗa ta. A Bamako kuma, Abdoulaye Konaté yana yanka rinanniyar shadda siri-siri, ya jera dubban yankuna hawa-hawa su rufe bango guda, launi na sauka daga duhu zuwa haske. Wanda ya san darajar shadda ranar biki zai karanta aikin fiye da baƙon da ya gan shi a Venice a 2017.

Saura maganar haƙƙi, kuma ita ce ta fi ci mini rai. William Arnett, wanda ya sayi barguna da yawa a ƙauyen Gee's Bend ya kai su idon duniya, ya yi aikin da ba za a raina ba. Duk da haka a 2007 wasu daga cikin matan, har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, sun kai shi da 'ya'yansa kotu a kan kuɗi da amfani da hotunan aikinsu, aka rufe shari'ar a shekarar da ta biyo. Hotunan bargunan sun hau darduma da kayan kasuwa iri-iri alhali gundumar Wilcox, inda ƙauyen yake, tana cikin mafi talauci a Amurka. Sai a 2020 gidauniyar Souls Grown Deep, mai riƙe da tarin Arnett, ta fara ware wa masu aikin kashi 5 cikin 100 na kuɗin abin da ta sayar, a 2021 kuma wasu daga cikin matan suka buɗe shagunansu a kasuwar intanet ta Etsy, inda kowace ke sa wa bargonta farashi da sunanta.