'The Searchers': Hamadar Nabaho, Labarin Baƙi

Mai karatu, idan ka taɓa kallon fim ɗin kaboyi, to ka san waɗannan jajayen duwatsu masu kama da rumbuna a tsakiyar hamada. Sunan wurin Monument Valley, ƙasar ƙabilar Nabaho, kan iyakar Arizona da Yuta, a yankin da jihohin biyu su ka haɗu da Kolorado da Niyu Meziko a Amurka. Darakta John Ford ne ya tallata shi ga duniya da 'Stagecoach' a 1939, ya kuma koma can ya ɗauki 'The Searchers', wanda ya fito a 1956.

Labarin dai ba shi da sarƙaƙiya. 'Yan ƙabilar Komanci sun kashe iyalin ɗan'uwan Ethan (John Wayne), sun sace ƙaramar 'yarsu Debbie. Ethan ya shafe shekaru ya na neman ta, amma da ya tarar ta saje da su, sai ya yi niyyar harbe ta. Nan ne ƙarfin fim ɗin: jarumin ba mutumin kirki ba ne, ƙiyayya ce ta cinye shi. Dubi fitowar ƙarshe, an mai da yarinya gida, shi kuwa ya juya cikin ƙura, ƙofa ta rufe. Ko Ford ya san irin wannan mutum ba na cikin gida ba ne.

To amma fa akwai gyara. Labarin a Teksas aka ce ya faru, hoton kuwa ƙasar Nabaho ce. Nabahon da aka ɗauka aiki an sa su fito a matsayin Komanci, sarkinsu Scar kuma Henry Brandon ne, haifaffen Jamus. Wato ƙasa tasu, fuska tasu, amma baki na wani.

Yau 'yan yawon buɗe ido na tururuwa can, su tsaya a 'John Ford's Point' su ɗauki hoto. Ka ji fa, sunan baƙo a dutsen mai gida! Sauƙinta ɗaya, tun 1958 wurin ya zama gandun shaƙatawa na Nabaho, su ke kula da shi.

Shawarata, nemi fim ɗin ka kalla, ya cancanta. Sai dai duk sanda duwatsun nan su ka burge ka, tambayi kanka: ina masu su?